Tsayuwar La'asar ta Baba Ambrose

Madam Shugabar taro, Misis Hathorn, mai guduma a hannu da ido a kan agogo, 'yan majalisar garinmu da ke zaune a teburin gaba, Magatakardar gari, Fada Okonski da Fasto Greeley, Shugaban 'yan sanda da jaruman kwana-kwana, waɗanda ba albashi suke karɓa ba amma ba su taɓa ƙin fita ba, iyayenmu mata da suka yi sammako suka dafa mana wake da kofi a bayan zaure, manoma da malaman makaranta da 'yan kasuwa, dattawa da matasa, maƙwabtana mutanen Wexbury, wanda ya zo da niyyar cewa e, da wanda ya zo da niyyar cewa a'a, da wanda waken kawai ya kawo shi: ina gaishe ku gaba ɗaya, barkanmu da ganin taron gari na bana.

Ina gode wa Shugabar taro da ta ba ni wannan dama. Ina gode wa garin nan da ya buɗe mini ƙofa shekara biyar da suka wuce, ya ba ni aiki, ya ba ni kujera a wannan zaure. Ga wanda bai san ni ba, sunana Lyle Thibodeau. Ni ne mai motar kwashe ƙanƙara da ke hana ku barcin safe a Titin Kogi. Kafin in hau wannan mota na yi shekara ashirin da ɗoriya a gidan yarin jiha. Wannan ba sirri ba ne, kowa a nan ya sani, har waɗanda ke yi kamar ba su sani ba. Ba labarina na zo bayarwa ba. Na ambata shi ne don ku san cewa abin da zan faɗa da idona na gan shi, kuma gani ya kori ji.

Batun da ke gabanmu ɗaya ne. Shin za mu yarda gidan kula da tsofaffi na Linden Hill ya buɗe ɓangarensa na gabas, wanda ya daɗe a kulle ɓeraye na wasa a ciki, ya karɓi tsofaffin fursunoni marasa lafiya da jiha ta amince a saki? Sunan farko a layi shi ne Ambrose Kittredge, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda ya shafe sama da shekara arba'in a tsare. A ciki, Baba muke ce masa. Ni na yi jinyarsa a shekaruna na ƙarshe a can, domin gidan yari yana zaɓar wasu fursunoni su kula da waɗanda tsufa ya kayar. Na yi masa wanka, na yi masa aski, na ba shi abinci a baki, na canza masa ƙunzugu. Har yau ina zuwa duba shi duk wata. Maganata a kansa uku ce.

Ta farko, maganar hoto. Mista Royce Danforth, wanda ya yi magana kafina, ya buga wata takarda ya raba. Na same ta a akwatin wasiƙata, na gan ta a gidan waya, na gan ta manne har a ƙofar juji. A jikinta akwai hoton wani saurayi mai baƙin gashi da jajayen idanu, a ƙasa an rubuta, “Kuna son wannan a kusa da makarantar 'ya'yanku?” To, ni ma ba na so. Wallahi ba na so. Amma Royce, tsakaninka da Allah, hoton wace shekara ne wannan? Ka kawo mana naka na waccan shekarar mu gani, lokacin da kake da gashi a ka, kake tsere da motar babanka a kan gada. Wa zai gane ka?

Na ɗauki takardar nan na kai wa Baba Ambrose. Na ce, “Baba, ka san wannan?” Ya kawo ta kusa da hancinsa, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, “Ɗan wa ye wannan? Kai, yaron nan yunwa yake ji. Lyle, a ba shi wani abu ya ci mana.”

Kada wani ya ce na zo wanke shi. Saurayin da ke cikin hoton ya shiga kanti da bindiga ya harbe mai jiran kantin. Sunan mutumin Emil Varga, ya bar mata da 'ya'ya biyu. Na faɗi sunansa ne da gangan, domin takardar Royce ba ta faɗa ba. An yanke wa Ambrose ɗaurin rai da rai, kuma daidai ne, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ya harzuƙa ni shi ne a ɗauko fuskar da ta shuɗe shekara arba'in, a tsorata iyaye da ita, alhali mutumin da za a kawo Linden Hill ba ya iya riƙe cokali, ba ya iya juyawa a kan gado sai an juya shi. Wannan ba gargaɗi ba ne, yaudara ce. Kuma an yi ta ne a garin da muke alfahari da faɗa wa juna gaskiya ido da ido.

Ta biyu, maganar tarihinsa. Kun ji an ce ko a 'yan shekarun nan an rubuta masa laifin ƙin bin umarni sau da yawa, kuma kwamitin sassauci ya ƙi sakinsa har sau biyu saboda bai nuna nadama ba. Duka biyun gaskiya ne. Yanzu bari in gaya muku abin da ke ƙarƙashin wannan gaskiya, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A gidan yari akwai abin da ake kira ƙidaya. Kullum da la'asar ƙararrawa takan kaɗa, kowane fursuna ya bar abin da yake yi ya tsaya cak a bakin ƙofarsa, ganduroba ya bi layi yana ƙirgawa. Ba a ƙirga mutum a zaune, ba a ƙirga shi a kwance. Tsayuwar ita ce shaidar kana nan, kuma kana da rai. Ran Kirsimeti ana yi, ran da uwarka ta rasu ana yi, ran da zazzaɓi ke kaɗa ka ana yi. Abin yana shiga jini. Ni da nake gabanku, shekara biyar da fita, har yau in la'asar ta yi sai in ga na miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki ban san dalili ba. Matata Jolene takan leƙo daga kicin ta ce, “Lyle, don Allah zauna. Mu biyu ne a gidan nan, kuma na riga na ƙirga ka tun da safe.”

Ambrose ya yi wannan tsayuwa shekara talatin da wani abu ba tare da fashi ba. Sabon shiga in an kawo shi, Ambrose ne ke koya masa. Sai gigin tsufa ya zo. Ya fara da manta inda ya ajiye tabarau, ya koma manta hanyar ɗakin cin abinci, har ya kai ga ƙararrawa takan kaɗa yana zaune a bakin gado yana murmushi. Wata rana wani sabon ganduroba, yaro ne wanda ko gemu bai gama fito masa ba, ya tsaya a ƙofarsa.

“Kittredge, tashi!”

Baba ya dube shi ya ce, “Sannu da aiki, ɗana.”

Na ce, “Ofisa, bai san abin da ake yi ba. Kai ma kana gani.”

Ya ce, “Ina gani, Thibodeau, ba makaho ba ne ni. Amma doka ba ta san mantuwa ba. Ko ya tsaya, ko ya ƙi. In ban rubuta shi ba, ni za a rubuta.”

Ya rubuta shi. Ban ga laifin yaron ba, abin da aka koya masa ya yi. Laifin yana wuyan manya masu digiri da suka zauna a ofis suka karɓi wannan rubutu, suka tara shi, suka sa masa suna taurin kai. Ƙin bin umarnin da ake ta faɗa muku ke nan. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga wa kowa hannu ba. Tsoho ne da ya manta dalilin da ƙararrawa ke kaɗawa.

Saura nadama. Jama'a, ku saurare ni a nan, domin wannan ne ke hana ni sukuni. A shekarun da Ambrose ke da hankalinsa, duk ranar da shekara ta zagayo kan ranar da ya kashe Emil Varga, ba ya cin abinci, ba ya magana da kowa. In ka matsa masa sai ya ce, “Yau ranar Emil ce, ka ƙyale ni.” Duk wanda ya zauna a ɓangarenmu ya san da haka. Amma a lokacin doka ba ta da ƙofa ga mai ɗaurin rai da rai, don haka babu wanda ya kira shi ya tambaye shi. Sai da jiha ta yi sabuwar doka ta tsofaffi, sai da ƙofa ta buɗe, sannan aka kira shi. Kafin nan mantuwa ta riga ta share komai.

Ni na riƙe hannunsa na kai shi gaban kwamitin. Mutum uku a bayan tebur, da kwalaben ruwa a gabansu. Aka ce in tsaya a gefe, kada in yi magana. Na tsakiyar ya gyara tabarau ya ce, “Mista Kittredge, ka bayyana mana da bakinka abin da ka aikata, da yadda kake ji a kansa yau.”

Baba ya juyo ya dube ni. Ya ce, “Lyle, an ce na yi wani abu?”



Mutumin ya ce, “Muna sauraronka.”

Baba ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Ya ce, “Yallaɓai, in na ɓata muku rai, ku yi haƙuri. An riga an yi ƙidaya?”

Suka dubi juna, suka yi rubutu. Hukuncin da ya fito shi ne ya ƙi amsa laifinsa, ba ya nadama, kuma tarihinsa na kwanan nan ba shi da kyau. Lokacin da yake da amsa ba a tambaye shi ba, da amsar ta ɓace aka kama shi da laifin rashinta. An dake shi, an hana shi kuka. Ina tambayarku, maƙwabtana, wace irin shari'a ce ke neman nadama a wajen mutumin da bai san sunan uwarsa ba? Wa ake horarwa? Wane darasi ake koya wa wanda kowace safiya sai an sake gaya masa inda yake?

Bayan wannan zama, mu masu jinya muka ɗauki alkawari cewa ba za a sake rubuta shi ba. Ƙararrawa na kaɗawa sai mu ɗaga shi tsaye, muna cewa, “Tashi, Baba, tashi.” Muka yi ta yi har abin ya sake kama jikinsa, amma ya kama shi ta hanyar da ba mu zata ba. Ya manta komai, sai wannan kaɗai ya rage. Duk abin da ya yi ƙara, ko waya, ko agogo, ko na'urar ɗumama abinci, sai ya yunƙura ya tashi. A hunturun da ya wuce ƙararrawa ta kaɗa ba kowa kusa da shi, ya miƙe, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa, ya faɗi ya karya ƙugu.

Na je na gan shi a asibiti. Ganduroba biyu a bakin ƙofa, da sarƙa a ƙafarsa mai lafiya, ɗaure da ƙarfen gado. Na'urar da ke auna bugun zuciyarsa tana ɗan yin ƙara lokaci-lokaci, kuma duk sa'ad da ta yi, sai ya dafa katifa yana neman tashi, da karyayyen ƙugu, gumi na zuba masa. Nas ɗin da ke kula da shi ta juya ta ce wa gandurobobin, “Don Allah wannan sarƙar ta mece ce? Guduwa zai yi? Zuwa ina?” Babban cikinsu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ya ce, “Madam, ba ni na yi dokar ba.” Kowa ba shi ya yi dokar ba. Tun daga ƙasa har sama, kowa hannunsa tsaf, amma ga tsoho ɗaure.

Ta uku, maganar gado, kuma nan ne abin ya iso ƙofarmu. Bana dai kwamitin ya ji kunya, ya ce ya amince a saki Ambrose, amma da sharaɗi: sai an sami gidan jinya da zai karɓe shi kafin zamansu na bazara. In ba a samu ba, amincewar ta rushe, ya koma ƙarshen layi, sai bayan wasu shekaru. Likitansa ya ce ba shi da wasu shekaru. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ƙanwarsa ɗaya ta rasu tuni. An buga waya gida-gida a faɗin jihar nan, da an ji inda ya fito sai a ce babu wuri. Jiha ta ce ba ta saki sai da gado, masu gado sun ce ba sa karɓar wanda jiha ta tsare. Gaba kura, baya sayaki. Linden Hill kaɗai ya ce zai karɓa, in garin nan ya yarda. To ga mu nan.

Na ji ana cewa, “Me ya sa sai mu? A kai su wani gari.” Haka kowane gari ya ce, shi ya sa abin ya zagayo ya iso kanmu. Na ji ana cewa, “In mun buɗe ƙofa, gobe wa za a kawo?” Za a kawo waɗanda likita ya shaida ba sa iya tafiya, a ɓangare mai ƙofa a kulle, a ƙarƙashin idon jiha. Shugaban 'yan sanda yana zaune a nan, ya karanta sharuɗɗan, ku tambaye shi. In tsoro ne ya dame mu, to ina ganin motar Royce a kan ƙanƙara ta fi Ambrose haɗari ga yaran makaranta, kuma ni nake jawo ta daga rami duk shekara.

Yanzu zan sassauta murya, domin akwai wadda ba zan yi wa faɗa ba. Misis Noreen Szabo ta tashi ɗazu ta ba mu labarin yayanta da wani ya kashe tana 'yar makaranta. Ta ce shi ba a ba shi damar tsufa ba, ba a ba shi gadon jinya ba, ba wanda ya yi masa aski yana ɗan shekara saba'in. Misis Szabo, gaskiyarki ne. Ba zan roƙe ki ki yafe wa kowa ba, wannan ba hurumina ba ne. Ɗan Emil Varga ma da aka tambaye shi, cewa ya yi, “Ku yi yadda kuka ga dama da shi, kada dai ku sake kirana.” Bai yafe ba, kuma ba wanda ya isa ya tilasta masa. In kin zauna a kujerarki yau, wallahi ba mai ganin laifinki, kuma duk wanda ya harare ki zai gamu da ni. Gobe da asuba zan share ƙofar gidanki kamar kullum.

Amma sauranmu fa? Mu da ba mu binne kowa ba, kada mu ari hawayen wannan baiwar Allah mu rufe fuskarmu da shi. Wanda ya ƙi don zafin rashi, na fahimce shi. Wanda ya ƙi don hoton ƙarya, ko don kada a ce garinsu ne ke ajiye irin waɗannan mutane, to ya faɗa da sunansa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancinmu a zauren nan furfura ta riga ta fito mana. Da yawanmu Linden Hill za mu ƙare, ɓangaren yamma, bango ɗaya tsakaninmu da su. Ranar da za ka nemi sunan 'yarka a bakinka ka rasa, ranar za ka so a ce duniya tana bambanta wanda ya ƙi da wanda ya manta.

Madam Shugabar taro, na ga kin ɗaga guduma, zan rufe. A garin nan ba ma jefa irin wannan ƙuri'a a ɓoye. Al'adarmu tun kakanni ita ce, in murya ta rabu tsakanin masu e da masu a'a, sai ki ce wanda ya yarda ya tashi tsaye, Magatakarda ta bi layi tana ƙirgawa. Ba a ƙirga mutum a zaune. Jihar nan tamu ce, da sunanmu ake kaɗa wannan ƙararrawa. Ambrose Kittredge ya tsaya mana kullum, shekara arba'in, da lafiya da ciwo, har tsayuwar ta karya shi, kuma yanzu haka da nake magana yana can yana yunƙurin yi. Ba kullum nake roƙonku ba. Sau ɗaya ne. Ku tashi masa sau ɗaya, a ƙirga ku. Ni dai ba sai an roƙe ni ba, la'asar ta kusa, ko na ƙi ko na so ƙafafuna za su ɗaga ni.

Allah ya jiƙan Emil Varga, ya jiƙan yayan Misis Szabo, ya sanyaya zukatan waɗanda suka bari. Allah ya kiyaye 'ya'yanmu a hanyar makaranta, ya tsare su daga hanyar da ta kai wasunmu inda muka je. Allah ya ba tsofaffinmu masu jinya masu haƙuri, ya sa mu gama da hankalinmu. Allah ya zaunar da garin Wexbury lafiya, ya sa mu fita daga zauren nan muna gaisawa, ko yaya ƙuri'a ta kaya, har ni da Royce. Shi kuma Baba Ambrose, Allah ya kai shi ranar da ƙararrawa za ta kaɗa, ya yunƙura, wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Kwanta abinka, Baba. An gama ƙidaya.”

Na gode.